Darasin Lafiya: 'Yarmu Ta Fara Al'ada, Jikinta Ya Gama Girma?



A gidajenmu da yawa, da zarar yarinya ta ga jinin al'ada sai a ce ta zama mace. Mu da muke aikin magani muna roƙon a sake duba wannan magana.

Yawancin 'yan mata suna fara al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15. Amma jiki bai kammala aikinsa a ranar ba. Yarinya tana ƙara tsawo bayan haka, ƙasusuwanta suna ci gaba da ƙwari har kusan shekara 20, ƙugunta kuma yana ƙara buɗewa a hankali. Shi ya sa ciki a ƙuruciya yake da haɗari: doguwar naƙuda, wadda kan jawo yoyon fitsari, da jijjiga, da haihuwar jariri marar nauyi. Dokar Yara ta Ghana ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Cikar ƙirji ba ita ce shaidar cewa ƙugu ya isa haihuwa ba.

Abu na biyu shi ne ƙarancin jini. Yarinya tana girma, kuma tana zubar da jini duk wata. Idan mun ga tana yawan gajiya, ko jiri, ko cikin idonta ya yi fari, kada mu ce ƙiwuya ce. A ba ta hanta, kifi, wake, kontomire, zogale da miyar ayoyo. A haɗa da lemo, domin yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana rage hakan, a bar tazara tsakaninsa da abinci. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba 'yan mata a makarantu sau ɗaya a mako, ba maganin hana haihuwa ba ce. Mu bar su su sha.

A kai ta asibiti idan:
1. Ta cika 15 ba ta ga al'ada ba.
2. Jinin ya wuce kwana 7, ko yana zuba da yawa.
3. Ciwon mara yana hana ta zuwa makaranta.
4. Al'ada ta ɗauke wata 3 bayan ta fara.

Uwa, ki zama ta farko da 'yarki za ta gaya wa damuwarta. Uba, ka ba ta lokaci ta gama girma da karatu.

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.