Darasi: Zaɓen Sunan Ɗa Namiji da Tsare Rubutunsa

 Ya ku ƴan'uwa musulmi na Waca da kewaye, darasinmu na wannan karo a kan sunan ɗa namiji ne: yadda ake zaɓensa, da yadda ake rubuta shi.

Na farko: haƙƙin yaro ne

Suna mai kyau haƙƙi ne na ɗa a kan mahaifinsa. A mazhabarmu ta Malikiyya ana raɗa suna rana ta bakwai, a yanka dabba ɗaya, namiji aka haifa ko mace, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo cikin Risala. An so a aske kan jinjiri, a yi sadaka da nauyin gashin na zinariya ko azurfa. Wanda ba shi da hali babu laifi a kansa, kada ya ci bashi don kunyar mutane.

Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwar sunaye ga Allah. Bayansu sai sunayen annabawa da na sahabbai. Ba ya halatta a jingina bautar yaro ga wanin Allah. Kuma Annabi (SAW) ya kasance yana canza mummunan suna, saboda haka a tambayi ma'ana kafin a zaɓa. Jin daɗin suna a rediyo ko a waya bai isa hujja ba.

Laƙabin gida irin su Tanko, Nomau, Ɗanjuma ko Ɗanladi al'ada ce da ba mu ga aibu gare ta ba. Haka uwa da ke kunyar ambaton ɗan fari. Sai dai sunan yanka shi ne asali, shi ya kamata ya hau takarda.

Na biyu: suna ɗaya, rubutu da yawa

Ku duba sunan garinmu. A takardun hukuma "Wacha" ne, a ƙa'idar rubutun Hausa "Waca". Sunayen mutane sun fi haka rikicewa. Shugabanni uku na Nijar sun ɗauki sunan Manzon Allah, kowa da nasa rubutu: Mahamane Ousmane a 1993, Mamadou Tandja a 1999, Mahamadou Issoufou a 2011. A Daura kuwa marigayi Buhari "Muhammadu" yake rubutawa. Dalili shi ne Larabci na da haruffan da boko ba ya da su, kuma Faransanci da Turancin Ingila kowanne da hanyarsa ta kama sauti. Shi ya sa Usman ya zama Ousmane, Yusuf ya zama Issoufou, Lawali ya zama Laouali.

A wurin malami duk suna ɗaya ne. A wurin ma'aikaci da na'urarsa kuwa mutane dabam-dabam ne. Mu da ke yankunan Magarya da Dungas, dab da iyaka, abin ya fi shafarmu. Yaro zai fara lakwal a nan da suna Mamane, ya je karatu Kano a rubuta masa Muhammad. Ranar jarrabawa, ko neman katin ɗan ƙasa, ko fasfon aikin hajji, sai takardu su ƙi haɗuwa. Gyaran kuwa sai an je kotu da shaidu, a kashe kuɗin mota, wani lokaci shekarar karatu ta salwanta.

Wani rubutun ma yana taɓa addini. In aka raba Abdurrahman gida biyu aka jefar da "Abdu", sai a wayi gari ana kiran yaro Rahman, alhali malamai sun tabbatar cewa wannan suna na Allah ne shi kaɗai. In kuma aka sa sunan kawu ko mariƙi a gurbin sunan uba don sauƙin shigar da yaro makaranta, an saɓa wa aya ta 5 ta Suratul Ahzab, wadda ta yi umarni a jingina kowa ga ubansa. Wannan na iya haifar da rigima ranar rabon gado.

Na uku: abin da muke shawarta

1. Uba da uwa su yi shawara, su tsaida suna tun kafin rana ta bakwai.
2. Limamin da ya yi raɗin suna ya rubuta shi da Larabci cikakke, da ranar haihuwa ta Hijira da ta Miladiyya, a adana a gida.
3. Uba ya je da kansa ya bayyana haihuwar a gidan likita ko a ma'aikatar magajin gari. Dokar 2019 ta tsaida wa'adin kwana 60. Wanda ya wuce shi sai ya bi ta kotu.
4. Ya tafi da nasa katin, don a kwafe sunansa harafi da harafi, kada ƴaƴan uba ɗaya su fito da uba uku a takarda.
5. Kafin ya bar wurin, a karanta masa abin da aka rubuta. Wanda bai iya boko ba ya tafi da wanda ya iya.
6. Rubutun da ya hau takardar haihuwa shi za a riƙe har abada, a lakwal, a madarasa, a ƙetaren iyaka.

Ya ku iyaye, muna ɗawainiyar rago da goro da tuwon suna, duk su ƙare cikin yini ɗaya. Takardar kuwa za ta bi yaro har tsufansa. Wanda ya kyautata zaɓe ya kuma tsare rubutu ya sauke wannan amana.

Allah ya raya mana zuri'a bisa sunna, ya sa su gaji masu sunayensu a hali da ibada.