Hanyar Da Saƙo Ke Bi: Ta Waya Da Ta Iska

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, ni wata makaranta na samu a bayan Gwagwalada. Ran nan muna cikin darasi sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don me ake ce wa wayar hannu waya, alhali kuwa ba waya a jikinta?" Yara suka bushe da dariya. Ni ma na yi murmushi, amma a raina na san ba ni da amsar da za ta gamsar da shi. Na ce ya dakata sai gobe. Abin da na binciko shi ne zan rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai a nan, don kada wani ya ji irin kunyar da na ji.

Tambayar nan ba ta wasa ba ce. Tun 2015 hukumar JAMB, wadda babban ofishinta ke Bwari, ta bar yin jarrabawarta da takarda da fensir, kowane yaro sai ya zauna gaban kwamfuta. Yaran da za a damƙa mana can za su, kuma daga bakinmu ya kamata su fara jin yadda abin yake.

Ga amsar a taƙaice. Sunan ya samo asali daga wayar tangarahu da ta tarho, waɗanda aka ja bisa turaku tun zamanin Turawa, har inda ake aika wasiƙa ya ci sunan gidan waya. Da aka fara aika magana ba tare da turaku ba, mutanenmu suka ce wayar iska. To, amma ita ma wayar hannu da waya a bayanta, ba ka dai ganinta ne. Iska ɗan gajeren zango take ɗaukar saƙo, mafi yawan tafiyar a cikin waya ake yinta. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

HAƊIN KWAMFUTOCI

In aka haɗa kwamfuta biyu ko fiye don su yi musayar saƙo, an sami abin da samari ke kira netwok. Wayar hannu irin ta yanzu ita ma ƙaramar kwamfuta ce. Akwai ƙaramin haɗi, na ɗaki ɗaya ko makaranta ɗaya. Akwai kuma babba, wanda ya ratsa garuruwa, kamar na kamfanin Galaxy Backbone da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006 don ya haɗa ma'aikatunta. Intanet kuwa ita ce haɗuwar waɗannan haɗe-haɗe na duniya duka. Mafarinta ƙanƙane ne. Ran 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙo na farko a Amurka, daga wata jami'a a Los Anjeles zuwa wata cibiyar bincike a Stanford. Haruffa biyu kaɗai suka ƙetare, sai na'urar ta tsaya.

ABU UKU DA SAƘO KE BUKATA

Na farko adireshi. Kowace na'ura da ke cikin haɗi tana da lamba, kamar yadda kowane gida ke da lamba a Wuse ko Garki. Irin wadda aka fi gani kashi huɗu ce, kowane kashi daga 0 zuwa 255, misali 192.168.1.5. Sunayen da mu ke rubutawa don shiga wani shafi, akwai kwamfutocin da aikinsu ke nan su juya su zuwa lambobi.

Na biyu ƙa'ida. In Bagwari da Bahaushe za su yi ciniki, lalle su sami harshen da dukansu ke ji. Haka kwamfutoci. Ƙa'idar da suka yarda da ita sunanta TCP/IP. Vint Cerf da Bob Kahn suka bayyana tushenta a 1974, aka koma aiki da ita ran 1 ga Janairu 1983.

Bisa ƙa'idar nan, ba a aika saƙo dunƙule. Sai an yanyanka shi ƙulli ƙulli, kowane ƙulli da adireshin mai aikawa, da na mai karɓa, da lambar da ke nuna inda ya faɗa a jeri. Ku tuna fatake. Ba a ɗora wa jaki ɗaya kayan ayari duka, rarrabawa ake yi. In an kai masauki sai a ƙidaya, a jera. In ƙulli ɗaya ya ɓace a hanya, shi kaɗai za a ce a sake aikowa.

Na uku hanya, ita ce kuwa iri biyu.

HANYAR WAYA

Ku shiga ɗakin kwamfuta ku duba bayan tebur, za ku ga kebul ya fito daga kowace kwamfuta. In kun feɗe shi za ku tarar da siraran wayoyin tagulla takwas, an murɗe su biyu biyu kamar igiya. Murɗin nan shi ke kare saƙo daga hargitsin wasu wayoyin lantarki da ke kusa. Wannan dabarar haɗi ana kiranta Ethernet, Robert Metcalfe ya fara tsara ta a 1973. Iyakar tsawon kebul ɗaya mita 100. In ya wuce haka saƙo ya kan raunana.

Kebul ɗin duka suna taruwa a wani akwati mai ramuka da yawa, watau suwic. Shi kamar zauren gida yake, ya san ɗakin kowa, in saƙo ya zo sai ya miƙa wa mai shi kaɗai. Amma ba ya fita waje. Mai fita waje shi ne rauta. Ku ɗauke shi kamar mai ba da hannu a mararrabar Zuba: wannan mota Kaduna za ta, waccan Lokoja, waccan cikin birni. Rauta ya kan duba adireshin kowane ƙulli ya tura shi hanyar da ta dace, wani rauta a gaba ya karɓa ya tura, har ya isa.

Don tafiya mai nisa tagulla ba ta isa ba. Sai a yi amfani da zaren gilashi mai kaurin gashin kai, wanda ake kira fayiba. Haske ne ke gudu a cikinsa yana ƙiftawa, yana cin wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Shi ne ku ke gani ana binnewa a gefen titi.

HANYAR ISKA

Mu kan ce iska ne don saukin magana, amma abin da ke ɗaukar saƙon igiyoyin rediyo ne, waɗanda ido ba ya gani. Iri uku ya kamata malami ya sani.

Na ɗaya Wi-Fi, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997. Na cikin gida ne ko ofis. Ƙarfinsa 'yan mitoci ne, bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna rage shi. Kuma duk waɗanda suka hau raba hanyar su ke yi, kamar mata a bakin rijiya mai guga ɗaya: in sun yi yawa sai kowa ya jira.

Na biyu sabis na wayar hannu. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda ofishinta ke Maitama, ta yi gwanjon lasisinsa a nan Abuja cikin Janairu 2001, aka fara buga waya a watan Agusta na shekarar. Wayarka da dogon ƙarfen sabis mafi kusa take magana. Wani lokaci ƙarfen ya miƙa wa wani ƙarfe ta iska, amma ƙarshenta saƙon cikin fayiba yake faɗawa.

Na uku tauraron ɗan'adam. Namu, NigComSat-1R, daga ƙasar Sin aka harba shi cikin Disamba 2011, tasharsa ta ƙasa kuwa tana Abuja. Irinsa nesa suke zama, kilomita 35,786 daga ƙasa, saboda haka hawa da saukar saƙo su kan ci kusan rubu'in daƙiƙa. Na kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya cikin Janairu 2023, sun fi kusa ƙwarai, wajen kilomita 550. Duk da haka su ma a wata tasha su ke sauke saƙo, daga nan waya ta ɗauka.

DAGA ABUJA ZUWA ƘETARE

Bari mu bi saƙo ɗaya. Wata ɗaliba a Kubwa ta aika wa yayanta da ke karatu a Ingila hoto. Daga hannunta zuwa ƙarfen sabis, iska. Daga nan fayiba ta ɗauke shi zuwa Ikko, watau Legas. A bakin teku ya shiga manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa, irin su SAT-3 na 2002, da MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012. Sai ya isa can ya sake hawa iska, ɗan taƙi kaɗan, ya faɗa hannun yayanta.

Mai shakkar wannan ya tuna ran 14 ga Maris 2024. A ranar wayoyin teku huɗu suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa. Ba wanda ya taɓa ƙarfen sabis ko ɗaya a Abuja, amma intanet ta yi nauyi, mutane da yawa suka kasa aika kuɗi ta banki. Ashe tushiya na can ƙarƙashin ruwa.

WACCE ZA A ZAƁA?

Waya ta fi tabbas, ta fi wuyar sata, kuma kowace kwamfuta da hanyarta. Amma jan ta da kuɗi, ba ta kuma bin mutum inda ya tafi. Iska ta fi sauƙi, sai dai duk wanda ke bayan katanga yana iya laɓewa ya hau, in ba a kulle ta da kalmar sirri mai wuya ba. Saboda haka abin da ke zaune wuri ɗaya, kamar kwamfutocin ɗakin jarrabawa, a ja masa waya. Abin da ke yawo a hannu a bar shi ga iska.

A makarantar da na yi gwaji, ɗakin kwamfuta ya yi makonni ba intanet, kowa na cewa ai sabis ne babu. Har an fara maganar sayen sabuwar na'ura. Da na gama binciken nan sai na roƙi Malam Babba izini, muka bi hanyar daki daki. Akwai wuta? Akwai. Fitilun suwic suna ƙiftawa? Suna yi. Kwamfutoci suna ganin juna? Suna gani. To, ashe ɓarnar tsakanin suwic da rauta take. Muka ja kabad, sai ga kebul ɓera ya gaigaye shi. Kebul ɗaya muka saya, aiki ya tashi. Dokar ita ce, fara da abin da ke kusa da kai kafin ka zargi na nesa.

WASA DON AJI

Ba sai da kwamfuta za ka koyar da wannan ba. Rubuta karin magana, misali "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Yanka takardar gida huɗu, ka sa wa kowane yanki lamba da sunan mai karɓa. Tsai da yara shida a fili su zama rauta, kowane ya miƙa wa na kusa da shi kaɗai. Aika yankunan ta hanyoyi dabam dabam, ka ɓoye ɗaya da gangan. Mai karɓa zai jera, ya ga na uku babu, ya ce a sake aikowa. Yaron da ya yi mini tambaya shi na sa ya zama mai karɓa, shi ne kuma ya bayyana wa aji amsar tambayarsa da bakinsa.

Ga tambayoyi don bita:

1. Mene ne bambancin aikin suwic da na rauta?
2. Don me ake yanyanka saƙo kafin a aika?
3. Tsakanin ofishin Malam Babba da ɗakin karatu mita 150 ne. Kebul ɗaya na tagulla zai isa? In ba zai isa ba, me za ka yi?

Wanda ya gwada wasan nan a ajinsa, ina roƙo ya rubuto wa Edita yadda ya kaya, mu ƙaru da juna.