Wa ke ganin sunan wanda ya yi rajistar taro?

Sana'ata gina manhajar rajistar taro, kuma yawancin masu ba ni aiki 'yan Gwale ne a Kano: Islamiyyun da ke shirya walimar sauka, ƙungiyoyin ɗalibai a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, matan da ke haɗa bitar sana'a a Ɗorayi da Kabuga. Kusan kowa roƙonsa ɗaya: a buɗe jerin waɗanda suka yi rajista kowa ya gani, wai in an ga manyan sunaye jama'a za su yi tururuwa. A nan nake taka musu birki.

A cikin birni suna ba ya tafiya shi kaɗai. Mace ta rubuta sunanta da na mahaifinta, ta ƙara da Mandawari ko Galadanci, ai an raka baƙo har ƙofar gidansu. Ga lambar waya a gefe. Wani ya ɗauki hoton jerin ya jefa a zauren WhatsApp, an san ranar da za ta fita da inda za ta. In kuwa taron kan sikila ne ko rashin haihuwa, jerin nan tonon silili ne. Budurwa za ta iya rasa manemi tun ba a yi addu'ar buɗe taro ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta hana amfani da bayanin mutum a kan abin da ba don shi aka karɓa ba, ta ba shi 'yancin janye amincewarsa, ta kuma sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsananin kariya. Na ƙananan yara sai da izinin iyaye, abin da ya shafi Islamiyyu kai tsaye.

Shi ya sa a manhajar da nake ginawa suna a ɓoye yake tun farko, sai mai shi ya buɗe da hannunsa. Mai tsaron ƙofa lambar tikiti kawai yake gani. Na waje yana ganin adadin kujerun da suka rage, ya ishe shi. Bayan taro sai a goge lambobin waya.

Alhaji mai shirya taro, takardar da kake ajiyewa a tebur kowa na rubuta suna yana karanta na sama, ita ma a daina. A ba kowa 'yar takardarsa ya cike ya jefa a akwati.