Wa ke leƙa lakwal idan damina ta sauka? Horon da masu riƙon gine-ginen makaranta ke buƙata

Wani shugaban kwamitin makaranta daga wani ƙauye tsakanin Agye da Gazawa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "An gina mana azuzuwa uku na siminti da makewayi. Ba a je ko'ina ba iska ta ɗaye kwanon aji ɗaya, ƙyauren makewayi ya ɓalle, bencina sun kakkarye. Darakta ya ce shi koyarwa aka turo shi, hukuma ta ce mu jira kasafi. Akwai horon da ake ba mutum don ya iya riƙon ginin lakwal da filinta, ko sai dai mu zuba ido?"

Malam shugaba, Allah ya saka da alheri. Akwai horon, kuma bai fi ƙarfinku ba. Amma bari mu fara da abin da ke cin gine-ginen, don shi zai nuna wanda ya kamata a horar, da kuma lokacin da ya dace.

Ana rufe lakwal wajen ƙarshen Yuni, a buɗe a Oktoba. Ruwan sama kuwa a kudancin jihar Maraɗi daga Yuni zuwa Satumba yake zuba. Ke nan watannin da gini ya fi shan wuya su ne watannin da babu kowa a cikinsa. Darakta ya tafi garinsu hutu, malamai sun watse, iyaye suna gona tun safe har la'asar. Hadarin farko ya taso daga gabas da iskarsa, ya sassauta ƙusa biyu a bakin kwano. Na biyu ya ɗaga fallen. Na uku ya tafi da shi har da katakon. Abin da guduma da ƙusoshi kaɗan za su gyara a Mayu, kafin Oktoba ya koma aikin ɗan kwangila. A 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, saboda azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma waɗanda gidajensu suka rushe ne ke kwana a ciki, kuma jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni. Irin wannan ruwa ba mai tare shi. Sai dai yawancin azuzuwan da ke mutuwa a ƙauyukanmu, yoyo da gara da rashin mai leƙawa ne ke kashe su, a hankali, kowa na wucewa yana gani.

A takarda aikin yana da masu shi. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da makarantun firamare. A kowace makaranta kuma akwai kwamiti irin naku, wanda a da ake kira COGES, yanzu CGDES. Tsarin zaɓen 'yan kwamiti da ƙuri'a da rubuta shirin ayyukan shekara ya fito ne daga aikin da hukumar JICA ta Japan ta fara a jihar Tawa a 2004, aka baza shi ƙasa baki ɗaya a 2007. Ya yi amfani ƙwarai, ya koya wa mutane taro da tara gudummawa da riƙon asusu. Ginin kansa ne bai samu rabo mai yawa a ciki ba. Shi ma darakta, a makarantar horon malamai ta ENI koyarwa aka fi ba ƙarfi. Da ya ce muku ba aikinsa ba ne, kada ku ga baƙinsa da yawa. Ba a nuna masa ba.

Kada ku tura shi horo shi kaɗai. Bayan shekara biyu ko uku a ɗauke shi zuwa wani gari, abin da ya koya ya bi shi. Ku haɗa shi da 'yan gari uku: ɗan kwamiti wanda ba ya tafiya cin rani, mace ɗaya daga ƙungiyar uwaye ta AME, da maginin garinku ko kafinta. In akwai maigadi, a sa da shi. Macen nan ita 'yan mata za su gaya wa cewa makewayinsu ba ya kulluwa, maganar da ba za su taɓa furta wa mushe ba.

Na sha ganin horon da ake tara mutane a babban gari, a yi ta bayani da Faransanci, a raba kuɗin zama, kowa ya koma gida bai taɓa tsani ba. Ku ƙi irin wannan. A cikin lakwal ake yin na kirki, da Hausa, da tsani da guduma da littafi a hannu, kwana biyu ko uku cikin Afrilu ko farkon Mayu, sannan a sake haɗuwa yini guda a Satumba a ga abin da damina ta yi. Masu koyarwa ba su da nisa. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, akwai ma'aikatan gine-ginen karkara a gunduma, a Maraɗi ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Lakwal ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin malami, amma tarayyar kwamitocinku ta ƙaramar hukuma, FCC, tana iya haɗa makarantun kewaye ɗaya a yi musu tare. Asusun FAFPA ma don tallafa wa horon sana'a aka kafa shi, takardar roƙo ba ta ci muku komai.

Darasi na farko shi ne kallo. A shiga aji da rana tsaka, a rufe ƙofa da tagogi, a ɗaga kai: duk inda haske ya huda kwano, nan ruwa zai bi. A fita a duba bakin kwano ta gabas da kusurwoyi, don nan iska ke fara kamawa. A taɓa wayar ko ƙarfen da ya ɗaure katakon rufi da bango. In ya ci tsatsa ko ya kwance, rufin nan ajiye kawai yake, iska yake jira. A ƙwanƙwasa katako, wanda ya yi ƙarar fanko gara ta gama da cikinsa. A bi bango a kankare hanyar gara tun tana siririya, a kawar da tsofaffin zana da karyayyun bencina da ake jingine wa a bayan aji, don su ne ke kiran ta.

Sai gindin bango, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Ruwan da ke zubowa daga kwano yana haƙa rami a yashi shekara bayan shekara har tushen gini ya fito fili, kuma a ƙasar jigawa irin ta Agye da Gazawa abin ba ya ɗaukar lokaci. A cike ramin da marmara ko tsakuwa, a daddaɓe, a karkata shi yadda ruwa zai guje wa bango. Amalanke kaɗan da gayyar safiya ɗaya sun isa. Wajen Tibiri da Gidan Rumji, inda garuruwa ke gefen Gulbin Maraɗi, ruwan da ke kwantawa ne abin tsoro, don haka tun kafin a sa harsashi a tambayi tsofaffi iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa. Birnin Maraɗi kansa ambaliyar 1945 ce ta tashe shi daga fadama ya hau tudu.

Tsagar bango iri biyu ce. Siririyar da ke kan yaɓe, magininku zai toshe ta. Wadda ta ratsa bulo, ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ita ce ake sa wa ido. A liƙa ɗan siminti a kanta, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya fashe bayan 'yan makonni, bangon motsi yake: a fitar da yara, a kira masani. Horo na gari yana nuna wa mutum iyakarsa, kada ƙwazo ya sa a yaɓe tsagar a ɓoye haɗari.

Makewayi shi ne ya fi saurin lalacewa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 shi ne rami ɗaya ga 'yan mata 25, rami ɗaya da wurin fitsari ga maza 50. Ku ƙirga naku. A gundumar Gidan Rumji lissafin ya ƙara nauyi tun 2019, da 'yan gudun hijira suka shigo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, aka zaunar da wasu a Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, yara suka ƙaru a azuzuwa. Mai kula ya san cewa idan saura rabin mita rami ya cika, an daina shiga. Ya san sabon rami ba ya kusantar rijiya ƙasa da mita 30. Ya kuma san cewa ƙyauren da ba ya kulluwa ya isa ya hana yarinya babba zuwa lakwal. Famfo kuwa, a ɗaure kusoshinsa, a gyara daɓen gindinsa, a hana dabbobi yin taɓo a wurin, sauran a bar wa mai gyaran famfo.

Ajin zana ba wurin wasa ba ne. A ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta kashe yara aƙalla 20 a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai. A ranar 8 ga Nuwamban 2021, a makarantar AFN cikin birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu a irin wannan gobara, 'yan shekara biyar zuwa shida. Bayan nan gwamnati ta hana sa yaran makarantun raino a ajin zana, kuma a lokacin ana maganar azuzuwa kusan 36,000 irin waɗannan a faɗin ƙasa. Ba za su ƙare gobe ba, don haka dole mai kula ya iya zama da su. Kada a jera su manne da juna, a bar tazara yadda wutar ɗaya ba za ta kama na kusa ba, musamman da iskar hunturu. Kowane aji ƙofa biyu masu faɗi. Masu tuyar ƙosai da awara su yi nisa da murhunsu, a nome busasshiyar ciyawa, a ajiye tulin yashi da ruwa a kusa. Ƙananan yara a ba su ajin siminti, manya su zauna a zana. Sannan a gwada fita da gudu cikin tsari, a maimaita har yara su saba. Wasu iyaye za su ce wannan kiran masifa ne. A zauna da liman da mai gari a yi musu bayani tun farko.

Filin ma dukiya ce. A yankin da gona ta yi ƙaranci haka, kowace damina kunyar gero tana ɗan matsowa, har wata rana a nemi wurin sabon aji a rasa. Magadan wanda ya ba da filin sadaka ba lallai su tuna alherin mahaifinsu ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, ku je wurinsu a auna, a ba ku takarda, ku kafa alamun iyaka, ku dasa shingen aguwa. Batun itatuwa kuwa, ba sai an koya wa mutanen Agye ba: Ɗan Saga ta yi suna har ƙasashen waje wajen renon tohon gawo da sauran itatuwa a gona, da kwamitin sa ido da gari ya naɗa da kansa. A aro wannan tsari. Layin bedi ta gabas yana karya iska, amma a dasa shi taku da yawa daga bango saboda saiwa da reshe.

Duk wannan a littafi ɗaya ake rubuta shi, littafin da ke zama wurin kwamiti ko an ɗauke darakta: kowane aji da shekarar gininsa, yawan bencina, abin da ya lalace, wanda ya gyara da abin da aka biya. A shirin ayyukan shekara ku ware wa gyara layinsa daban, ku tara gudummawar da kaka, lokacin da hatsi da gyaɗa ke hannu, ku sayi ƙusa da waya da buhun siminti tun rani. Takardar da za ku kai ma'aikatar magajin gari ta isa kafin a tsara kasafin baɗi, kuma ta faɗi falle nawa, katako nawa, aji na nawa. "Lakwal ta lalace" ba ta shiga kasafi.

Game da kwanonku da ya ɗaye, ku nemi takardar karɓar ginin yau ɗin nan. A kwangilar gwamnati akwai karɓar wucin gadi da karɓar ƙarshe, tsakaninsu galibi shekara guda, kuma ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har wa'adin ya cika. In iskar ta yi ɓarnar a cikin wa'adin, kuma masani ya tabbatar ɗaurin rufin ne bai yi kyau ba, gyaran na wuyan ɗan kwangila. Tun ran gini ran zane: nan gaba, waɗannan mutum huɗu da aka horar su tsaya a wurin ranar karɓa, su hau tsani su duba kafin ku sa hannu.