Ƙwayar Alkama Da Ta Gagari Sarki

Jama'a, mu dubi wannan lamba da kyau: 18,446,744,073,709,551,615. Kada tsawonta ya razana ku. Lamba kamar mutum take, tana da asali, tana da dangi, tana da hali, kuma duk ana iya gane su.

Asalinta yana cikin wani labari da malamin tarihi Ibn Khallikan ya kawo. Wai wani mai hikima a ƙasar Hindu, Sissa, ya ƙago wasan shaɗaranji, wani irin dara mai gida 64. Sarki ya ji daɗi, ya ce ya faɗi tukuicinsa. Sissa ya ce ƙwayar alkama ɗaya yake so a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta riɓanyawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon. Da masu lissafi suka duƙufa, sai ga jimlar nan ta sama. Wanda zai ƙirga ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe shekara fiye da biliyan 584.

To, mara ce ko cika? Mara ce, tun da ƙwayar farko ba ta da abokiya, sauran gidajen kuwa duk bibbiyu suke rabuwa. Ƙarshenta 5, saboda haka 5 na raba ta. In ka tara alƙalumanta 20 ɗaya bayan ɗaya, 87 za ka samu. Tun da 3 na raba 87, tana raba uwar lambar ma, amma 9 ba ta iya ba.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, irin su 7 da 13. Mu kira su gagara-rabo. Tamu ba ta cikinsu, sai dai da su aka gina ta, guda bakwai, babu wadda ta maimaitu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Biyun nan, 641 da 6,700,417, suna da labari. Fermat, masanin Faransa, ya ɗauka 4,294,967,297 gagara-rabo ce. Aka zauna a haka har 1732, lokacin da masanin lissafi Euler ya nuna 641 na raba ta sau 6,700,417 ba saura. Babban malami ma yakan yi tuntuɓe, ba abin kunya ba ne.

Yau lambar tana cikin wayar da ke aljihunku. A harshen kwamfuta, mai 0 da 1 kaɗai, ana rubuta ta da 1 sau 64 a jere, kuma ita ce lamba mafi girma da ma'aji mai gurbi 64 ke ɗauka.

Kai mai karatu, kada ka yarda don mun faɗa. Ɗauki fensir, ka tara ƙwayoyin gida takwas na farko, za ka ga 255. Sannan ka buga 3 sau 5 sau 17, ka gwada su biyun.