Shukar Ado a Cikin Gida

Ƴan uwa, kun lura da ƙofar asibiti ko ta ofis a Gaya da Doso? Sau da yawa akan jera tukwane da shuke-shuke masu koren ganye. Ba don ci aka dasa su ba. Don ado ne. Mu ma nan Junju muna iya ƙawata gidajenmu haka, ba sai mun kashe kuɗi da yawa ba.

Bara wata ɗalibarmu ta je Malanbil, ƙetaren gada, ta sayo shuka mai faɗin ganye jikka biyu. Don tsananin so, safe da marece sai ta ba ta ruwa. Ba a yi wata guda ba ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta ruɓe. Kuɗi sun tafi. Ba ƙishirwa ta kashe shukar ba, yawan ruwa ne.

Wace za mu zaɓa?

Mu fara da wadda ta san ƙasarmu.

1. Moda. Ganyenta dogo ne, tsaye kamar takobi, da zane-zane. Kakanninmu da zarenta suke yin igiya da tsirkiyar baka. Tana jure inuwar ɗaki, tana jure ƙishirwa.

2. Zabuwa. Ganyenta kauri gare shi, da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Ruwa take ajewa cikin ganye. Ita haske take so, sai a aje ta bakin ƙofa ko kusa da taga.

Duka biyun suna fid da ƴaƴa a gindi. Ka roƙi maƙwabci ɗa guda mai saiwa, ka dasa. Ko dala ba ka biya ba.

In saye za ka yi, juya ganyen ka duba bayansa. In ka ga ƙwari, ko wani abu fari kamar auduga, bar ta nan.

Yadda ake dasawa

Tsohon tulu, ko kwatarniya, ko rabin jarka, duk suna yi. Amma dole a huda gindin, don ruwa ya samu hanyar fita. A sa tsingaro a kan hudar. Sannan a haɗa ƙasa kwano 2, rairayi kwano 1, ruɓaɓɓen taki kwano 1. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa. Laka zalla kuma tana riƙe ruwa.

Ban ruwa

Ga dabara mai sauƙi. Tura yatsa cikin ƙasar tukunya har gaɓa biyu. In ka ji danshi, kada ka zuba. In ka ji ta bushe, zuba har ruwa ya ɗigo ta ƙasa.

Da bazara ƙasa tana saurin bushewa, sai a riƙa dubawa. A kuma janye tukunya daga ranar tsaka, a kai ta ƙarƙashin rumfa. Da damana a rage ruwa sosai. Yankinmu na Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, tukunyar da ke waje tana iya cika ta jiƙe. Da hunturu ƙura takan rufe ganye. A goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, don ganye da haske yake haɗa abincinsa.

Hattara da abu biyu

Na farko, sauro. Ruwan da ya kwanta cikin faranti ƙarƙashin tukunya, nan sauro ke ƙwai. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro mai cizo. A zubar da wannan ruwa kullum.

Na biyu, yara. Akwai wata shuka da ake saidawa a birane, ana ce mata difenbakiya. Asalinta daga Amurka ta Kudu take. Ganyenta faɗi gare shi, kore da rodi-rodin fari. In yaro ya tauna ta, baki ya yi zafi, harshe ya kumbura. Kariya ma, wadda muka sani da jan fure, ruwan jikinta dafi ne. Gidan da ke da yaro mai rarrafe, kada a kawo su. Ko moda da zabuwa a ɗora su bisa, inda hannun yaro da bakin akuya ba su kai. In yaro ya tauna, a wanke masa baki, a kai shi likita maza, a tafi da ganyen a nuna.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya kashe shukar ɗalibarmu?
2. Don me ake huda gindin tukunya?
3. Yaya za ka gane shuka tana son ruwa?
4. Rubuta sunan shuka biyu da ke gidanku ko unguwarku.