Darasin Wannan Juma'a: Dajin Omo da Haƙƙinsa a Kanmu



Iyayenmu malamai, 'yan kasuwa, direbobi da matasan Sabon Shagamu, barkanmu da Juma'a.

Makonni biyu da suka wuce, bayan sallar la'asar, ɗaya daga cikin yaranmu masu ɗaurin goro ya tsayar da kwamitin masallaci da tambaya. Ya ce wani mutum ya same shi a tasha, ya yi masa alkawarin kuɗi mai kauri in zai riƙa karɓo masa ɓawon ɗankunya daga hannun mafarautan ƙauyukan hanyar Ore, ya zuba a buhu kamar sauran kaya. Yaron yana da aure a gabansa, kuɗin kuma sun ba shi sha'awa, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Malam Liman ya ba shi amsa a keɓe, kuma Alhamdu lillahi ya ji magana. Sai dai a wurin ne muka gane cewa yawancinmu ba mu san ɗankunya ba, ba mu kuma san dajin da yake fitowa ba, alhali shekara da shekaru a gefensa muke neman abinci. Shi ya sa Malam ya umarce mu mu yi darasin wannan mako a kansa.

Ina ne dajin Omo?

Duk direban da ke bin titin Shagamu zuwa Benin ya san mahaɗar J4, gaba da Ijebu Ode. To, daga nan hanya take shiga gandun dajin Omo, a gabashin jihar Ogun. An keɓe shi tun 1925, zamanin Turawa, kuma faɗinsa ya kai kimanin hekta 130,000. Sunansa daga kogin Omo ne, wanda ya ratsa shi ya gangara kudu. Yana maƙwabtaka da gandun Shasha na jihar Osun da gandun Oluwa na jihar Ondo. A 1977 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren da duniya ke kiyayewa saboda yawan halittun da ke cikinsu.

Wannan ba irin dajin da muka sani a gida ba ne, inda kake hango kuka da ɗorawa da kaɗanya daga nesa, rana tana dukan ƙasa. Wannan kurmi ne. Manyan itatuwa irin su iroko da afara da obeche, da wani ɗan'uwan maɗacinmu da masu katako ke kira mahogani, sun haɗe kai a sama, har da tsakar rana ƙasansu duhu ne da sanyi. A ciki akwai birai iri-iri, har da wani mai farin maƙogwaro da ake samu a kudancin Najeriya da Jamhuriyar Benin. Akwai aku, akwai gada, akwai ɗankunya. Sannan akwai giwa. E, giwa, a jihar da muke zaune. Giwar kurmi ce, ba ta kai ta Yankari girma ba, kuma 'yan kaɗan ne suka rage.

Yadda halittun daji suke riƙe da juna

Abin da muke so a fahimta a wannan darasi shi ne, daji ba tarin itatuwa ba ne kawai. Kowace halitta a cikinsa tana yi wa wata aiki. Bari mu kawo misali huɗu.

Na farko, jemage da iroko. Itacen iroko akwai namiji akwai mace, macen ce ke yin 'ya'ya. Manyan jemagun nan da muke gani suna keta sama da magariba su ne ke shan 'ya'yan, su tashi tafiya mai nisa, su kasayar da irin a wani wuri. Wato ƙofar iroko da kafinta ya yi maka, asalinta jemage ne ya shuka ta, tun kafin a haifi kakanka.

Na biyu, giwa. Akwai itatuwa masu manyan 'ya'ya masu tauri da ba dabbar da ke iya haɗiye su sai ita. Ta haɗiye a nan, ta sauke a can cikin kashinta, irin ya tsiro da takinsa. Ita ce kuma ke buɗe hanyoyi a cikin kurmi da sauran dabbobi ke bi zuwa ruwa. Amma haihuwarta a hankali take. Cikinta wata 22 ne, ɗa guda take haifa, sai ta yi shekaru kafin ta sake. In aka kashe uwa ɗaya, cike gurbinta ba aikin yau da gobe ba ne. A 2021 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sanya giwar kurmi a matakin da ke dab da ƙarewa.

Na uku, koko. Furen koko ba ya zama ɗa sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje, da ba su kai sauro ba, sun yi masa barbara. Su kuwa a cikin ruɓaɓɓen ganye mai laima suke hayayyafa, a inuwa. In aka share inuwa aka yi ta feshi, sai su ragu, amfanin gona ya ragu. Hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Na huɗu, shi ɗankunyan. Dabba ce ƙarama mai ɓawo a jiki kamar sulke, ba ta da haƙori, abincinta tururuwa da gara, tana lasarsu da dogon harshe. In ta ji tsoro sai ta dunƙule ta ɓoye kai, daga nan ta samo sunanta. Wannan dabara tana kare ta daga damisa, amma ga ɗan Adam sai dai ya sunkuya ya ɗauke ta kamar dutse. Ita ma ɗa guda take haifa.

Abin da ke cinye dajin

Abu na farko shi ne saran katako ba bisa ƙa'ida ba. Itacen da ya yi shekara 100 yana girma, injin yanka zai kwantar da shi kafin a idar da sallar walaha. Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga itacen ba. Hanyar da aka fasa wa mota don ɗauko gungume, ita mafarauci zai bi gobe, ita manomi zai bi jibi.

Na biyu, gonakin koko da ayaba da aka yi ta buɗewa a cikin gandun, har ƙauyuka suka kafu. Ba mu zo yanke wa kowa hukunci ba, don yawancinsu talakawa ne irinmu masu neman abin kai wa baka. Amma gaskiya ita ce, inda gona ta shiga, giwa ta rasa wurin kiwo, sai ta fito ta ɓarnata shuka, sai a ce ita ce mai laifi.

Na uku, tun daga shekarun 1960 aka fara share sashen kurmin ana dasa malaina, itacen da aka kawo daga nahiyar Asiya, da nufin ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin. Masana'antar ba ta taɓa yin aikin da aka yi fata ba, kurmin da aka share kuwa ya tafi. Daga kan titi za ka ga kore shar ka ce daji ne, amma gonar itace iri ɗaya ce. Biri da aku ba sa samun abinci iri-iri a cikinta kamar yadda suke samu a kurmi.

Na huɗu, farauta don kasuwar ƙetare, kuma nan ne maganar yaronmu ta shigo. Ɓawon ɗankunya ƙasashen Asiya ake kai shi, irin su Sin da Biyetnam, ana haɗa magani da shi, alhali sinadarinsa ɗaya ne da na farcen hannunmu. A taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Afirka ta Kudu, ƙasashen duniya sun haramta cinikin ɗankunya tsakanin ƙasa da ƙasa, haka ma akun da aka kamo daga daji. Duk da haka, a watan Afrilun 2019 hukumomin Singafo sun kama kwantena biyu da suka taso daga Najeriya, kowace da fiye da tan 12 na wannan ɓawo. Ku ƙiyasta dabbobi nawa aka kashe kafin a tara wannan. A nan gida ma akwai dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an kuma ƙara mata ƙarfi a 2016. Kuma kun san yadda abin yake: mai kuɗin yana can a ɓoye, yaron da aka kama da buhu shi ke kwana a hannun hukuma.

To, mu ina ruwanmu?

Wani zai ce, ai mu baƙi ne, baƙo raɓa ɗan gari kaba, daji na masu ƙasa ne. 'Yan'uwa, raɓar da ta binne iyayenta a nan, ta haifi 'ya'ya da jikoki a nan, ai ta wuce raɓa.

Mu tuna me ya kawo kakanninmu. Goro ne. A da fatake har Gwanja suke zuwa nemansa, a ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni da jakuna. Shi ya sa har yanzu Yarbawa ke kiran irin goron da muke saye gbanja. Da aka fara dasa shi a wannan yanki, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, sai kasuwa ta juyo nan, aka kafa Sabo. Goro kuwa ɗan kurmi ne. Yana son ruwan sama da laima, ƙaraminsa yana son inuwar manya, kuma sai ya yi kamar shekara 7 kafin ya fara haihuwa. Hatta ganyen da muke naɗe huhu da shi daga jeji da fadama ake yanko mana. In ƙasar nan ta bushe, shagunanmu ne za su fara ji a jika.

Kuma mu, fiye da kowa, mun ga ƙarshen wannan hanya. Dattawanmu suna ba da labarin barewa da kura a bayan gari, a wuraren da yau ko itacen girki sai mace ta yi tafiyar sa'o'i. Mun ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba da Kogi 'yan shekarun baya, tirela bayan tirela ana kai wa Sin, har sai da ta yi wuyar gani. Sannan ku tambayi mahautanmu yaushe rabonsu da ganin ungulu a mayanka. Ita da take share mushe kyauta, an ƙarar da ita da guba da kuma cinikin kanta don tsibbu. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a cikin masu wannan cinikin akwai namu.

Malamanmu sun sha karantar da mu cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi, kuma Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya hana rundunar da ya tura Sham sare itatuwa masu 'ya'ya. In a lokacin yaƙi an hana, ina ga lokacin zaman lafiya?

Abin da kwamiti yake roƙo

1. Kada ɗayanmu ya saya, ko ya ajiye, ko ya yi dillancin ɓawon ɗankunya, hauren giwa, akun daji ko kan ungulu, komai tsadar da aka yi masa tayi.

2. Direbobi da 'yan kamasho, ku san abin da ke cikin buhun da aka ɗora muku. Wanda ya hana a buɗe kaya, a sauke masa abinsa.

3. Masu sana'ar katako, ku nemi takardar izini da tambarin ma'aikatan gandun daji a jikin gungume. Arahar katakon dare tana da dalili.

4. Masu shayi, masu tsire da iyayenmu mata, wanda yake da halin komawa gas ko murhu mai tattalin gawayi ya daure ya koma. Kowane buhun gawayi itace ne a da.

5. Dillalan goro, ku da kuke shiga ƙauyuka, manoma suna jin maganarku. Ku ƙarfafa musu gwiwa su dasa sabon goro a gurbin tsofaffin itatuwa, su kuma bar manyan itatuwan inuwa a gona.

6. Wanda zai je gida da damina, ya dasa ko da itace ɗaya ne a ƙofar gidansu, ya bar wa wani amanar ban ruwa.

7. Malaman Islamiyya su karanta wa yara wannan takarda, a kuma ja kunnen masu harbin jemage da tsuntsaye da danƙo don wasa.

Shi kuma yaron namu, wasu daga cikin iyayenmu 'yan kasuwa sun yi alkawarin tallafa masa a hidimar aurensa. Wanda yake da niyyar sa hannu ya ga ma'ajin masallaci bayan an sallame.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga ɓarna a bayan ƙasa, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.

Wassalamu alaikum.
Sakataren masallaci, a madadin kwamiti.